Baƙin Zoɓon Ƙawata

Ni dai Allah bai ba ni karatu ba, ya ba ni harshe. A unguwarmu ta cikin Daura, idan biki ya taso ko suna, ba a sayen zoɓo da yawa sai an ɗebo kaɗan a gefen zane an kawo mini. In jiƙa, in ɗanɗana, in ce wannan na bana ne, wannan ya kwana biyu a rumbu, wannan damina ta taɓa shi a shanya. Abin da na faɗa shi ke nan, ba a sake tambayar kowa.

A wurin mahaifiyata na koya, Allah ya jiƙanta. Ta ce zoɓo tsirara ake ɗanɗana shi, ba sukari, ba citta, ba kanumfari, don waɗannan tufafi ne, suna rufe aibi. Ta ce a kurkure baki tukuna. Ta ce kurɓi uku ake yi, na farko na bakin harshe, na biyu na ganɗa, na uku na maƙogwaro, kuma ba a magana sai na uku ya sauka. Shekara da shekaru ban karya wannan ba sai sau ɗaya, kuma a kan wadda bai kamata ba.

Ina da ƙawa. Tun muna ɗaura zane a ƙirji iyayenmu mata suka ƙulla mana ƙawance, da ƙwaryar goro da turare, yadda ake yi a da. Ba na kiran sunanta, ba ta kiran nawa. Ƙawa nake ce mata, Ƙawa take ce mini. Aka yi mana aure shekara ɗaya. Nawa mijin ya daɗe, nata bai daɗe ba. Ya bar ta da 'ya'ya mata biyu da ɗaki mai yoyo. Ta yi daka, ta yi wankau, ta yi surfe, daga ƙarshe ta shiga wani gida a bayan gari inda ake dafa giya, ta zama mai tsaron tukunya.

Ban je gidan ba ko sau ɗaya. Idan mun haɗu a kasuwa mukan gaisa a tsaye, gaisuwa gajeriya, ni ina duban gabas ita tana duban yamma. Ban zage ta ba, ban kuma neme ta ba. Wannan ma yana cikin abin da nake roƙon Allah gafara.

Da Shari'a ta zo aka rufe gidan nan. Wasu matan suka tsallaka iyaka. Ita kuwa ta fasa tukwanenta da hannunta, ta koma wurin ƙanenta a wani ɗan ƙauye can bayan Baure, ƙauyen da ko masu mota ba su san sunansa ba. Damina uku ban ji ɗuriyarta ba.

A kakar ta ukun, bayan an gama yankan dawa, matar ɗana ta haihu, aka samu mace. Saura kwana biyu suna gidan ya cika da mata, masu surfe na yi, masu tsintar shinkafa na yi. Ina zaune a ƙofar ɗaki, maƙwabciyata da katanga ɗaya ta raba mu tana gefena. Mace ce mai kirki a hannu, amma bakinta ba ya jiran kowa. Ta ɓaro goro ta miƙo mini rabi, daushe ne, mai ɗacin gaske. Ina cikin taunawa sai muka ji sallama.

Ƙawata ce. Ta rame, ta yi baƙi, hijabinta har ƙasa. Rabin buhu a ka, gora a hannu. Taɓarya ta tsaya a turmi. Waɗanda suka amsa sallamar ba su fi uku ba.

"Ƙawa, barka da arziki," in ji ta. "Na ji an yi mana kishiyar tsufa."

"Barkanmu dai, Ƙawa. Shigo daga rana."

Ta sauke buhun, ta zauna a bakin tabarma, ba a tsakiya ba. Ta matso kusa da kunnena ta yi ƙasa da murya, amma na san rabin tsakar gidan na ji.

"Zoɓo na noma, Ƙawa. Da hannuna. Na jiƙo kaɗan tun asuba don ki ɗanɗana. In kin ce ya yi, matan garin nan za su sha daga hannuna. In suka sha daga hannuna, zan iya dawowa gida. Ba arziki nake nema ba. So nake ranar da na mutu a samu matan da suka san ni su yi mini wanka, ba suna kawar da kai ba."

Ta kwance bakin gorar ta zuba a ƙaramar ƙwarya. Ban taɓa ganin zoɓo irinsa ba. Namu ja ne, kana hango gindin ƙwarya ta cikinsa. Wannan baƙi ne wuluk, sai in an karkata ƙwaryar rana ta bugi gefensa ake ganin ja, ja mai duhu kamar jinin hanta. Matan suka miƙo wuya.

"Wuta nawa ya sha ya yi wannan baƙin?" maƙwabciyata ta tambaya.

"Bai ga wuta ba. Jiƙa shi nake a ruwan sanyi in bar shi ya zauna."

"Ya zauna," in ji maƙwabciyata, ta dubi sauran. "To. Wasu hannuwan dai sun saba da barin abu ya zauna a tukunya."

Raina ya ɓaci. Don in rufe bakinta na yi sauri na karɓi ƙwaryar, na tofar da tuƙar goron a gefe, na kafa kai. Ban kurkure baki ba, ban yi kurɓi uku ba. Wani bauri mai ɗaci ya kama mini harshe ya ɗaure, kamar na tauna ɓawon gabaruwa. Ban ce komai ba, wallahi ban ce ba. Fuskata ce ta yatsine da kanta, a gaban mata sun fi ashirin.

"Ashe," in ji maƙwabciyata. Kalma ɗaya.

Ƙawata ta dube ni, ta karɓi ƙwaryarta a hankali, ta juye sauran a gindin durumi. Ta ce buhun gudummawar suna ce, in mun ga dama mu ba awaki. Ta yi wa maijego addu'a daga bakin ƙofa, ta fita. Ni kuwa ina zaune kamar an dasa ni.

Kafin la'asar magana ta zaga unguwa, wai tsohuwar mai giya ta kawo tsimi gidan suna, wai Iya ta ɗanɗana ta gane. Har ɗana ya shigo ya durƙusa ya ce, "Iya, me nake ji a masallaci? A fitar da buhun nan, kada a jawo mana masu bincike." Na ce a bar shi inda yake.

Na tashi yin alwala, na ɗebi ruwan randa a moɗa na kurɓa. Sai na ji ruwan da zaƙi, kamar an ɗiga masa zuma. Na tsaya da moɗar a hannu. Duk mai cin goro ya san wannan, goro ne ke sa ruwa zaƙi, shi ne kuma ke sa tsami ya koma ɗaci. Tun safe nake kan daushen nan, rabi bayan rabi. Ba zoɓonta na ɗanɗana ba. Goron maƙwabciyata na ɗanɗana, na ɗora wa ƙawata laifinsa.

Da na so da na jiƙa na cikin buhun da safe in ɗanɗana a ɗakina. Amma ba zoɓon kaɗai na ɓata wa suna ba.

Washegari na yi salla, na goge baki da asuwaki, ban sa ko ƙwayar gero a bakina ba. Na ce wa ɗana ya kai ni tasha.

"Iya, gobe suna!"

"Na sani, ni na haifi uban jaririyar. Kai ni."

Motar Baure ta cika da mu da buhunan gyaɗa. Wata mata ta miƙo mini ƙosai na ce na gode, ta ce azumi nake? Na ce kusan haka. Daga Baure na hau babur, mai babur ɗin ya tambayi hanya sau biyu. Muka bar jar ƙasa muka shiga rairayi, fari tas, mai laushi, har sai da na sauka na taka wani wurin da ƙafa. Ƙauyen gida bakwai ne ko takwas, da rijiya ɗaya, da kuka ɗaya.

Na same ta a ƙarƙashin rumfar kara tana ɓare zoɓo daga gurguzunsa, yatsunta sun rine. Ta ɗago ta gan ni. Ba ta tashi ba.

"Kin ɓata hanya ne, Ƙawa?"

"Na ɓata jiya. Goro ne a bakina."

Ta ajiye abin da ke hannunta. "Goro?"

"Daushe. Tun safe."

"Ke? Ke da uwarki ta taɓa korar mu daga tsakar gida don mun ci gyaɗa kusa da tukunyarta?"

"Ni ɗin."

Sai ta fara dariya, dariyar da ba ta da sauti, kafaɗa kawai ke rawa, hawaye na bin ta. Na durƙusa a gabanta da gwiwoyin nan nawa marasa kirki na ce ta yafe mini, na jiya da na shekarun da suka wuce. Ta ce, "Tashi kada ki kasa tashi, ba mai ɗaga ki a ƙauyen nan." Ta tambaya ko na karya. Na ce bakina na nan yadda na tashi da shi, ba zan sa komai ba sai zoɓonta.

"To za ki sha yunwa. Ba ya yarda a gaggauta shi."

Ta wanke sabuwar tukunya, ta watsa zoɓo tafi uku, ta zuba ruwan rijiyarsu, ta rufe da faifai. Sannan ta ja ni gona don kada in zauna ina kallon tukunya.

Ba gona ba ce ma, iyakar gonar ƙanenta ce, layi biyu da ya bar mata tsakanin geronsa da na maƙwabcinsa. Wurin tudu ne, rairayi zalla, ruwa ba ya kwana. Itatuwan gajeru ne, ko ƙugu ba su kai ba, kararsu ja. A wajenmu da an ce ba su yi ba. Ta ce ƙishi suke sha, shi ya sa ba sa yin yawa, amma ɗan abin da suka yi duk ƙarfin yana ciki. Irin ma wata tsohuwa ce daga tsallaken iyaka ta ba ta a ƙullin tsumma. Ƙawata ta ce ba ta shanya shi a rana, rana na shanye masa launi. A inuwar rumfa take baza shi kwana da kwanaki tana juyawa.

"Can na koyi haƙurin," in ji ta, ba ta dube ni ba. "Can gidan. Ba duk abin da hannu ya koya a wurin banza ne ke zama banza ba, Ƙawa. Ko kuwa?"

Na kama hannun nata na riƙe, muka komo a haka.

Bayan azahar ta buɗe tukunyar, ta tace a ƙwarya. Na kurkure baki sau uku, na yi bisimilla. Na fara kai hanci. Ƙamshinsa ba na ɗanyen ganye ba ne kamar namu. Ƙamshin busasshiyar kanya ne, da wani abu a bayansa kamar ƙasa in an yi yayyafin farko.

Kurɓi na farko, na bakin harshe. Tsami ne, amma ba mai kashe haƙori ba. Ya zo a hankali kamar baƙo mai sallama.

Kurɓi na biyu, na ganɗa. A nan na ji nauyinsa. Namu ruwa ne mai launi, wannan yana da jiki, yana cika baki. Akwai bauri kaɗan a gefen dasashi, shi ne wanda goro ya kumbura mini jiya ya mai da shi dodo. Yau kuwa daidai yake, shi ke riƙe tsamin kada ya watse.

Kurɓi na uku, na maƙogwaro. Ya sauka, na jira. Sai wani garɗi ya taso daga baya, kamar na dabinon da ya bushe a kan uwarsa, alhali ba a sa masa ko ƙwayar sukari ba. Ya daɗe bai tafi ba. Na ƙirga numfashi bakwai yana nan.

Tana tsugune tana kallon fuskata kamar mai jiran hukuncin alƙali.

"Yana da aibi ɗaya," na ce.

"Faɗi."

"Ba ya son citta. Duk wadda ta zuba masa citta da yawa ta zalunce shi. Sukari kaɗan, kanumfari ƙwaya biyar a randa, shi ke nan. Ban da wannan, Ƙawa, tun da uwata ta sa mini ludayi a baki ban sha kamarsa ba."

Ta rufe fuska da hijabi. Na bar ta. Da ta gama na ce ta ba ni tuwo kafin in faɗi.

Muna ci na tambaye ta abin da ke damuna. Na ce gobe za su ce mini giya ce ko ba giya ba, ni kuwa ban taɓa sanin ɗanɗanon giya ba, da me zan rantse?

"Ba da harshe ake ganewa ba," in ji ta. "Da kunne ne. Abin da ya juya ba ya yin shiru. Ki kara kunne a tukunya za ki ji yana tsi-tsi-tsi kamar gulma, kumfa na tasowa a gefe. Shekara goma sha wani abu ina sauraron wannan. Zoɓon da aka jiƙa da safe aka sha da rana bebe ne."

Muka kamo motar yamma tare, tana ta cewa ba za ta shiga gidan ba, ina cewa sai ta shiga.

Ranar suna, da aka raɗa wa jaririya suna maza suka watse, na sa aka fito da babbar randata tsakar gida, inda kowa ke gani. Ƙawata ta wanke ta, ta zuba zoɓo, ta zuba ruwa, ta rufe. Duk wadda ta miƙo mini goro na ce ta riƙe abinta. Da rana ta take, gida ya cika, na miƙe tsaye. Ni ba mai magana a taro ba ce.

Na ce, "Jama'a, shekaranjiya kun ga fuskata, kun tafi da ita gidajenku. Ku dawo mini da ita. Goro ne a bakina, na ɗanɗana abin mutane da ƙazamin baki. Laifin nawa ne, ba na zoɓon ba, ba na mai zoɓon ba."

Maƙwabciyata ta ce, "Yaya, mu dai tsoron Allah muke. Ki faɗa mana, giya ce ko ba giya ba?"

"Ban san giya ba. Ke kin san ta?"

"A'uzubillahi!"

"To zo ki kara kunne. In kin ji tana magana, giya ce."

Aka yi dariya. Ta ƙi, aka matsa mata, ta taso tana gyara ɗaurin zane, ta durƙusa ta manna kunne a randar, gida ya yi tsit. Ta daɗe a haka.

"Me ta ce miki?" wata ta tambaya daga baya.

"Ta ce ku yi mini shiru."

"Yau randa ta fi ki kamun baki!" in ji wata.

Na karɓi ludayi na ba ƙawata, na ce ita za ta zuba, daga hannunta za a karɓa. Ni na fara sha. Sannan ta cika ƙwarya ta miƙa wa maƙwabciyata da hannu biyu. Maƙwabciyata ta dubi ƙwaryar, ta dubi hannun, ta ce a ba ta ruwa ta kurkure baki tukuna, ai goron nata ne ya jawo. Ta kurɓa sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Ta yi shiru, abin da ba a saba gani ba.

"Sukari ya yi kaɗan," in ji ta. Ta miƙa ƙwaryar. "Ƙaro in tabbatar."

Kafin la'asar ana kankare gindin randa. Ba duka suka sha ba, kada in yi ƙarya. Akwai mata uku da suka ce ba sa jin ƙishi, ɗaya har yau ba ta jin ƙishi. Amma maijego ta sha, uwar maijego ta sha, matar liman ta sha ta ce a ɗura mata a gora.

Ƙawata ta dawo Daura a shekarar da ta biyo baya. Ɗakin da ke kusa da nawa ta zauna, da damina ta koma ƙauye ta yi layinta biyu, da kaka ta dawo da buhunta. Mun gwada shuka irin a bayan gidanmu. Ya yi tsawo har kafaɗa, ya yi 'ya'ya fal, muka jiƙa ya fito ja kamar na kowa. Ta ce ya ƙoshi ne, shi ya sa ba shi da abin faɗa.

Shekara shida muka yi a haka. Ta rasu da hantsi, ranar wata Alhamis, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Ina ɗora ruwan wanka sai na ji ana taɓa ƙofa. Maƙwabciyata ce, ta naɗe hannun riga, ta zo da sabulu da sabuwar ƙwarya. A bayanta matar liman, a bayanta wasu biyu, har sai da muka ce sun isa, ɗakin ba zai ɗauka ba.

Ni na wanke mata hannuwa. Jan zoɓon nan ya shige ƙarƙashin faratanta, na goga, na goga, bai fita ba. Maƙwabciyata ta dafa ni ta ce, "Bar shi, Yaya. Wannan ba datti ba ne."

Na bar shi, muka lulluɓe ta.